Kundin aikin majuyin wutsiya: bin sawun tsatsa daga kafar ruwa zuwa hinji

Jirgin sama ne ƙarami, inji ɗaya, kujeru huɗu, jikinsa duk alminiyam, shekarunsa sun haura arba'in. Aikin a kan majuyin wutsiya ne, wato fallen nan da ke rataye da hinji uku a bayan tsayayyiyar wutsiya, wanda matuƙi ke juyawa da ƙafa don karkata hancin jirgi hagu ko dama. Adadin da ke cikin kundin nan na wannan jirgin ne kawai. Kowane jirgi da littafin gyaransa, kuma abin da littafin ya ce shi ne hukunci.

Litinin, 6 ga Oktoba

A binciken shekara alamu uku suka bayyana a ƙasan majuyin. Fenti ya yi ƙuraje a gefen dama, tsawon kamar tafin hannu biyu. Fatar alminiyam ta ɗan kumbura tsakanin ribit da ribit, wato ƙananan ƙusoshin da ke riƙe da falle, abin da ba a gani sai an kwantar da hasken tocila a jikinta daga gefe. Sai kuma baƙin layi kamar hayaƙi da ya ja baya daga kan ribit huɗu kusa da ƙahon da wayoyin sarrafawa ke kamawa.

Kumburin ya fi komai damunmu. Garin da tsatsa ke bari ya fi ƙarfen da ta cinye girma, don haka idan ta zauna tsakanin falle biyu sai ta dinga tura su waje. Baƙin layin kuwa ribit ne da ya saki yana gogayya da raminsa.

Kafofin tsiyayar ruwa biyu ne a haƙarƙarin ƙasa, wato ƙarfen ciki da ya rufe gindin majuyin, dukansu a toshe. Ɗaya fenti ne ya like ta tun wani fenti da aka yi a baya, ɗayar kuma zanzaro ya gina laka a ciki. Da aka zura ɗan tsinken roba, ruwa mai launin toka ya zubo kusan rabin kofi, da farin gari a cikinsa. Ranar ba ruwan sama aka yi ba, ba a kuma wanke jirgin ba. Wannan ruwa ya daɗe a kwance.

Majuyin zai sauko. Mun ƙiyasta aikin zai ci awa 16.

Talata, 7 ga Oktoba

Cirewa. An ɗaure bakin kowace waya da igiya kafin a kwance ta daga ƙaho, don kada ta koma cikin jikin jirgi ta sauka daga kan ƙananan ƙafafun da take bi. An cire wayar fitilar wutsiya da 'yar wayar da ke haɗa majuyi da jiki saboda wutar da iska ke tarawa. Kowane hinji da jakarsa: bolti, noti, washa, da takardar da aka zana jerinsu, domin washa ɗaya idan ta sauya wuri sai majuyi ya dinga gogar wutsiya.

Boltin sama da na ƙasa sun fito. Na tsakiya ya ƙi, ya manne da bushinsa, wato ɗan zoben da yake juyawa a ciki. Ba a kawo guduma kusa ba: kunnen hinjin siriri ne, dukan da zai fitar da boltin shi zai lanƙwasa shi. An zuba man sassauta tsatsa an bar shi ya kwana.

Laraba, 8 ga Oktoba

Boltin ya fito da juyawa a hankali da ɗan turi daga ƙasa. Rufin kadmiyam ɗinsa ya ƙare, jikinsa ya yi ja da ƙananan ramuka. Duka ukun za a canza su, har da noti da fil.

Kafin a taɓa komai an auna daidaiton nauyi. An kwantar da majuyin a kan kaifi biyu daidai layin hinji, a ɗakin da iska ba ta kaɗawa, aka sa sikeli ƙarƙashin gefen baya, inci 14 daga layin. Sikeli ya nuna giram 181, wato fam 0.40. Idan aka ninka da 14 ya ba da inci-fam 5.6 na rinjayen baya. Iyakar littafin 6.5 ce. Ratar da muke da ita ke nan, 0.9, kuma duk abin da za a ƙara a bayan layin hinji daga cikinta zai ci.

Daga nan aka zura kyamarar leƙe ta kafofin ruwa da ramin wayar fitila. Sama da tsakiya fes suke, alminiyam na sheƙi, har rubutun masana'anta ana karantawa a jikin fata. Daga inci huɗu na ƙarshe zuwa ƙasa kuwa fari fat, kamar an watsa gishiri, da layin da ruwa ya saba tsayawa a fili. Babu faraima, wato shafin farko da ake yi wa ƙarfe kafin fenti, ko kaɗan a ciki. Jirage da yawa na wancan zamani haka suka fito, an dogara da siririn rufin tsantsar alminiyam da ke kan fallen.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Cire fenti. An cire hular saman mai roba tukuna, domin maganin cire fenti yana cin ta. An rufe duk bakin haɗi da salatif na alminiyam don kada maganin ya kurɗa tsakanin falle. Abin kankara na roba ne. Buroshin baƙin ƙarfe da soson ƙarfe ba su da wuri a wannan aiki: suna barin ƙananan ɓurɓushi a jikin alminiyam, kowane ɓurɓushi kuma wurin sabuwar tsatsa ne.

A gefen hagu, ƙarƙashin fenti, akwai tsatsar nan mai tafiya kamar tsutsa, zare-zare daga kan ribit. Ba ta da zurfi. Takan fito ne inda laima ta yi yawa kuma ba a gyara fuskar ƙarfe da kyau ba kafin fenti.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ranar huda ribit, don a fitar da haƙarƙarin ƙasa da ƙaho. Yawancinsu masu kaurin inci 3/32 ne, raminsu na bakin huji lamba 40. Hanyar ita ce: a ɗan buga alama a tsakiyar kai, a huda zurfin kan kawai da bakin da ya ɗan fi ramin ƙanƙanta, a sa ɗan tsinken ƙarfe a karya kan, sannan a tura sauran da wani abu mai nauyi a tokare a baya. Wanda ya huda har ƙasa, ramin zai faɗaɗa.

Duk da haka biyu sun ɓaci a fatar hagu, inda bakin huji ya zame daga kan da tsatsa ta riga ta ci gefensa. Ramukan sun zama kamar ƙwai. Maganinsu shi ne a hau zuwa ribit mai inci 1/8 da baki lamba 30, amma sai in tazarar tsakiyar rami zuwa bakin falle ta kai ninki biyu na kaurin ribit, wato inci 1/4. An auna, duka biyun sun wuce haka da kaɗan. An tsira.

Abin da aka tarar da haƙarƙarin ya fito:

Leɓensa, inda ya kwanta a kan fata, ya zama gari a wurare da dama, yatsa na shiga. Inda ƙahon baƙin ƙarfe ya zauna a kansa ya fi ko'ina lalacewa, kuma dalilin a fili yake. Baƙin ƙarfe da alminiyam sun haɗu ba komai a tsakaninsu, ruwa mai datti ya jiƙa su, sai suka zama kamar batir. A irin wannan haɗi alminiyam ne ke narkewa, ƙarfen ya tsira. Shi ya sa ƙahon bai wuce jan tsatsa a fuska ba, haƙarƙarin da ke ƙarƙashinsa kuwa ya ƙare.

Haƙarƙarin ba ya gyaruwa. Awa 21 zuwa yau, mun riga mun wuce ƙiyasi.

Litinin, 13 ga Oktoba

Auna zurfin ɓarna a fata. Wannan ne wurin da ake yanke hukunci, don haka ya ci yini guda.

Fatar alminiyam 2024-T3 ce mai rufi, kaurin inci 0.020, kusan rabin milimita. Wannan gami yana da jan ƙarfe kusan kashi 4 cikin ɗari. Shi ke ba shi ƙarfi, shi ne kuma ke sa tsatsa ta same shi da sauƙi. Rufin tsantsar alminiyam da ke kare shi a kowace fuska bai wuce kimanin inci 0.001 ba a falle mai wannan kauri. Goga kaɗan da samfefa ta tafi da shi. Takardar jagora ta hukumar sufurin sama ta Amurka, AC 43-4B, ta kasa tsatsa gida uku: mai sauƙi zuwa kimanin inci 0.001, matsakaiciya zuwa 0.010, mai tsanani abin da ya haura haka. Amma rabon nan ba ya gaya maka ko falle zai zauna. A fata mai 0.020, tsatsar da ake kira matsakaiciya tana iya cinye rabin kauri. Littafin jirgin ya yarda a rasa kashi 10 cikin ɗari kawai, wato 0.002.

Ba a auna rami da tsatsa a cikinsa. Sai an cire ta duka da soson goge alminiyam mara ƙarfe da samfefa mai aluminiyam oksaid lamba 320 sannan 400, an duba da gilashi mai ƙara girma sau goma an tabbatar babu baƙin ɗigo a gindin ramin, sannan a sa ma'auni. Ana kuma shafe gefen ramin ya kwanta a hankali, tsawonsa ya kai ninki ashirin na zurfinsa, don kada a bar kaifin da tsagewa za ta fara daga gare shi.

Fatar hagu: wuri tara, mafi zurfi 0.0015. Ta zauna.

Fatar dama: wurare uku sun kai 0.004, ɗaya 0.006, duk a kan layin ribit na ƙasa. Ta wuce iyaka ninki uku. An duba ko za a iya faci. Littafin bai yarda da faci a wannan yanki ba, ga kuma nauyin da faci zai ƙara a bayan hinji. Fatar dama gaba ɗaya za ta tafi. Aikin da aka zata na kwana biyu ya koma sake rufe majuyi.

Talata, 14 ga Oktoba

Hinji. Na sama da na ƙasa lafiya, sai sabon bushi. Na tsakiya, wanda boltinsa ya manne, gefensa ya ɗaga falle-falle kamar shafukan littafin da ya sha ruwa. Wannan tsatsa ce da ke bin tsakanin ƙwayoyin ƙarfen daga ciki, ta fi samun guntayen da aka matso ta cikin tsari a masana'anta, domin ƙwayoyinsu a miƙe suke a shimfiɗe. Abin da ido ya gani kaɗan ne daga abin da ke ciki, gogewa ba ta kai wa ƙarshenta. An cire shi.

Ginshiƙin majuyin, inda hinjin ke zaune, an gwada shi da na'urar gano tsagewa mai aiki da maganaɗisun lantarki a kewayen kowane rami. Babu tsagewa. An zaɓi wannan gwaji a kan jan ruwan gano tsagewa ne saboda wurin ya sha samfefa, gogewa kuwa tana iya shafe bakin tsagewa ta hana ruwan shiga.

An yi odar kaya: haƙarƙarin ƙasa, fatar dama, hinjin tsakiya, bushi uku, bolti uku da notinsu, 'yar wayar haɗi, ribit na girma biyu.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ƙaho. An fesa masa ƙwayoyin gilashi har ƙarfe ya fito fari. Jan tsatsa ba kamar ta alminiyam ba ce da kan ɗan rufe abin da ke ƙarƙashinta, ita ruwa take ja, don haka ko ɗigo ba a bari. An kai shi gwajin maganaɗisu, ba tsagewa. Ramukan da wayoyi ke kamawa ba su faɗaɗa ba. An sa faraima cikin awa ɗaya, domin ƙarfen da aka fesa tsirara yake, kafin yamma sai ya fara ja.

Masu jiragen da majuyinsu bututun ƙarfe ne da aka rufe da yadi, abin da ya faru da wasu tsofaffin jiragen Piper ya shafe su kai tsaye. A Alaska, a 2020 da 2021, ginshiƙin majuyi ya karye a sama da hinjin sama a jirgi biyu suna cikin tafiya, PA-12 da PA-14. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano ginshiƙan na ƙarfe 1025 ne, wanda kamfanin ya daina amfani da shi a 1974 ya koma 4130 mai ƙarfi, kuma gajiyar ƙarfe ce ta karya su, ramukan tsatsa na taimaka mata. A 2025 aka fitar da umarnin dole na canza irin waɗannan majuyai. A bututu, tsatsa daga ciki take ci, yadi kuma ya rufe wajen.

Litinin, 20 ga Oktoba

Jiran kaya. An yi amfani da lokacin a kan wayoyin sarrafawa. An bi kowace da tsumma a hannu don jin zaren da ya tsinke, an lanƙwasa ta kaɗan inda take bin ƙafa don a leƙa ciki. Ta dama tana da ɗan ja a waje kusa da wutsiya, ya gogu, ciki fes. Da a ciki aka ga tsatsar, canzawa ne kawai, ba ta da magani. An kwance wayar kulle daga maɗauran tsakiya, waɗanda ake juyawa don ɗaure wayoyin sarrafawa, an duba bakunansu da gilashi, domin waɗanda aka yi da ƙarfen 303Se an san su da tsagewa a ƙarƙashin wayar kullen, inda gishiri ke maƙalewa. Lafiya.

Laraba, 22 ga Oktoba

An haɗa katakon riƙe majuyi. Da zarar fata ɗaya ta fita, sauran ginin ba shi da ƙarfin hana murɗewa, kuma majuyin da aka buga wa ribit a murɗe haka zai zauna har abada, jirgi na ja gefe guda. Katakon yana riƙe layin hinji a wuri uku da gefen baya a kan miƙaƙƙen ƙarfe. An auna da zare da ma'aunin kwana a sama da ƙasa kafin a huda ribit ko ɗaya.

Awa 34.

Litinin, 27 ga Oktoba

Kaya sun iso. Haƙarƙarin ya zo da kafar ruwa ɗaya, tsohon yana da biyu. An duba zanen littafin kayan gyara, biyu ne. An huda ta biyun a wurin da girman da zanen ya nuna, aka goge bakinta. Abin dubawa a nan: kafar ta kasance a wuri mafi ƙasa yadda jirgi ke tsayuwa a kan ƙafafunsa, ba yadda majuyi ke kwance a kan tebur ba.

An cire tsohuwar fatar dama, aka ɗora ta a kan sabuwa a matsayin abin kwafar ramuka.

Talata, 28 ga Oktoba

Gyaran fuskar ƙarfe, kuma an yi shi sau biyu.

Tsarin: wanke maiƙo, wanki da ruwan asid mai fosfarik, ɗauraya, gwajin ruwa, sannan maganin da ke rina alminiyam ruwan zinariya, wanda aka fi sani da Alodine 1201. Gwajin ruwa shi ne a zuba ruwa mai tsabta a fuskar. Idan ya kwanta shimfiɗa ɗaya, ta tsarkaka. Idan ya tsinke ya yi ƙwallaye, akwai maiƙo.

A fatar hagu ruwan ya tsinke a wuri biyu kusa da hinjin tsakiya, aka yi zaton ƙaramin abu ne aka ci gaba. Maganin bai kama wuraren ba, suka fito fari a tsakiyar zinariya. Man sassauta tsatsar da aka zuba wa bolti ranar 7 ga wata ne ya kurɗa cikin haɗin yana tsattsafowa. A wani gefen kuma maganin ya bushe kafin a ɗauraye, ya yi duhu yana fita a yatsa kamar gari. Faraima ba za ta riƙe ko ɗaya daga cikin biyun ba.

An goge duka aka sake. Wannan karon an wanke haɗin sau uku ana hura iska, an kasa fatar gida huɗu ana yin ɗaya bayan ɗaya, ana riƙe ta a jiƙe minti biyu zuwa uku, a ɗauraye tun launin yana ruwan zinariya mai haske.

Maganin nan yana da kuromiyam mai haddasa ciwon daji. Safar hannu, tabarau, a tara ruwan ɗaurayar a mazubi. Tsumman da aka yi aiki da shi a wanke kafin ya bushe, busasshensa yana iya kama wuta.

Laraba, 29 ga Oktoba

Ba a fesa faraima da safe ba. Laima ta kai kashi 88, zafin ƙarfen bai fi ma'aunin saukar raɓa da digiri 2 ba, ana so ya kai 3 ko fiye. Da rana ta sauka zuwa 70, aka fesa faraimar ifoksi shafi ɗaya siriri a duk cikin majuyin: fata biyu, haƙarƙari, ginshiƙi. Siriri yadda ana ɗan hango ƙarfe ta ciki. Wannan ne karo na farko da cikin majuyin nan ya ga faraima.

Alhamis 30 da Juma'a 31 ga Oktoba

Haɗawa. Tsakanin ƙaho da haƙarƙari an shafa danƙon toshewa siriri, aka buga ribit ɗin wurin da danƙon yana ɗanye, ta yadda ƙarfen biyu ba sa taɓa juna kuma ruwa ba shi da wurin zama. Haka aka yi wa ƙasan sabon hinji. An kiyaye kada danƙon ya bi ya toshe ƙananan ratar da ke kusurwar haƙarƙari, ta nan ruwan sama ke gangarowa zuwa kafa.

Ribit daga tsakiya zuwa gefe. Kan da aka buga ya kai faɗin ninki ɗaya da rabi na kaurin ribit, tsayinsa rabi. Shida ba su yi ba, an cire an sake. An auna murɗewa bayan kowane layi, babu.

Daidaiton nauyi ba fenti: giram 136, inci-fam 4.2. Awa 52.

Talata, 4 ga Nuwamba

Gyaran waje, faraima, fenti. Fari shafi biyu, da jan layi a sama.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Majuyin ya faɗi awo. Sikeli ya nuna giram 227, inci-fam 7.0, iyaka 6.5.

An sake awon sau uku, an juya shi ɗaya gefen, an tabbatar kaifin ba ya riƙewa kuma hula da fitila suna jiki kamar yadda littafin ya ce a auna. Adadin bai motsa ba. Ma'aunin kaurin fenti ya nuna inci 0.005 a yawancin wurare, har 0.007 kusa da gefen baya, inda ake son kimanin 0.003 faraima da fenti a haɗe. An ƙara shafi na uku don rufe wani wurin da ya yi dishi-dishi, jan layin kuma a kan farin aka ɗora shi. Giram ɗaya a gefen baya ya fi giram ɗaya kusa da hinji tasiri sau da yawa, can kuwa fentin ya fi taruwa.

Rabin inci-fam kamar ba komai ba ne a kan tebur. A sama, majuyin da bayansa ya yi nauyi yana iya shiga karkarwar da iska ke ciyarwa, kowace kaɗawa ta fi ta baya, kuma tana iya karya wutsiya cikin daƙiƙu. Ba ta ba da gargaɗi a ƙaramin gudu. An duba ko za a ƙara dalma a gaban majuyin. Littafin ya ƙayyade nauyin da ke wurin, maƙalinsa ma don wannan nauyin aka gina shi. Fentin ne zai sauka.

Litinin, 10 ga Nuwamba

An goge fenti da samfefa mai ruwa lamba 400 har kusa da faraima, ana tsallake kan ribit da gefen falle inda samfefa ke saurin kaiwa ga ƙarfe. Wuri biyar ta kai, an sake musu maganin zinariya da faraima. An fesa fari shafi ɗaya cikakke, jan layin a wurinsa shi kaɗai. Kafofin ruwa an toshe su da tsinke lokacin feshi, aka zare tun fenti bai bushe ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Giram 195, inci-fam 6.0. Ya shiga.

Yanzu ne aka fesa man hana tsatsa a ciki, siririn nan mai korar ruwa, irin ACF-50 ko CorrosionX, da dogon bututu mai fesa hazo. An bar shi ƙarshe da gangan, domin yakan yi makonni yana tsattsafowa daga haɗi, fenti kuma ba ya kama inda ya taɓa. Hazo ake so, ba ambaliya ba. An tsayar da majuyin ya kwana yana tsiyaya. Man nan yana rage wa tsatsa gudu a inda hannu ba ya kaiwa, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. Da shi aka fesa ranar 6 ga Oktoba aka rufe, da haƙarƙarin da ya zama gari yana nan a ciki yana riƙe da ƙaho.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Awon ƙarshe bayan mai: giram 200, inci-fam 6.2. An rubuta a littafin jirgi, don duk wanda zai taɓa fentin nan gaba ya san 0.3 kawai ta rage.

An ɗora. Sabbin bolti da ɗan giris, noti mai tsaga da sabon fil, ba a matse har hinji ya ƙage ba. Wayar haɗi sabuwa, an goge wurin zamanta ya zama ƙarfe tsirara, an auna turjiyarta ga wutar lantarki, ƙasa da om 0.003, sannan aka rufe kanta. An auna iyakar juyawa hagu da dama, an gyara matsayar dama kaɗan. Maɗauran wayoyi ba wanda ya bar zare fiye da uku a waje. Injiniya na biyu, wanda bai sa hannu a haɗawar ba, ya bi komai daga feda zuwa ƙaho: fedar hagu, majuyi hagu, fedar dama, majuyi dama.

Gwajin da ya fi muhimmanci ga wannan aiki ya zo a ƙarshe. An zuba ruwa lita ɗaya ta ramin sama. Ya fito ta kafofin biyu cikin ƙasa da minti ɗaya, kyamara ba ta ga inda ya kwanta ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Tashin gwaji minti arba'in, an ƙara gudu mataki-mataki. Ba karkarwa a feda, jirgi ba ya ja gefe.

Abin da aikin ya ci: awa 74 a maimakon 16, goma sha ɗaya daga ciki na sake fenti da sake gyaran fuska ne. Fata ɗaya, haƙarƙari ɗaya, hinji ɗaya, bushi da bolti uku-uku, ribit kusan 190, faraima da fenti ƙasa da lita ɗaya, gwaje-gwaje biyu a waje.

Abin da ke gaba: kafofin ruwa sun shiga jerin dubawa kafin kowane tashi, da bayan kowane wanki. Jirgin yana kwana a waje a wuri mai laima, don haka wanki da dubawa duk kwana 45. Jagorar AC 43-4B ta ba da kwana 90 ga wuri mai sauƙi, 45 ga matsakaici, 15 ga mai tsanani irin bakin teku. Ba za a harba ruwa mai ƙarfi a hinji ba. Kyamara za ta sake shiga bayan wata shida, an ajiye hotunan yau don kwatantawa. Ranar Litinin za a buɗe mahayan wutsiya, faifan nan biyu da ke ɗaga hanci da sauke shi, domin fenti ɗaya aka yi musu da majuyin, kuma an riga an ga kafa ɗaya a like a na hagu.